Ƙafafun Dogo

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa da dama daga ka, amma ranar da wayar bangon kicin ɗinmu ta yi ƙara ina tsakiyar tuƙa tuwo, ita kam ba ta cikin waɗanda za su ɓace mini. Na ɗauka da hagu, muciya na hannun dama. Maigidana ne, Allah ya jiƙan Malam, yana kira daga jami'a.

Ya ce, "In a tsaye kike, nemi wuri ki zauna."

A wancan zamani, in aka ce ka zauna, to daga gida aka aiko da rasuwa. Na ce, "Wa aka rasa?"

"Babu wanda aka rasa. Kare aka ba mu."

"Aka ba mu me?"

"Kare. Ɗan kwikwiyo. Muna tafe da shi bayan la'asar."

Tuwon ranar da gudajinsa aka ci.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, Malam yana karatun digirinsa na biyu a Greensboro, can Amurka, muna haya a wani ƙaramin gidan katako mai baranda a baya. Ni karatuna bai wuce firamare da 'yar islamiyya ba, Turancina kuwa na gaisuwa ne da tambayar farashi. Muna da yarinya ɗaya, 'yar shekara bakwai, ita ce ta fari. Tun da aka yaye ta mahaifiyar Malam ta ɗauke ta, a hannunta ta tashi, ita take kira Inna, ni kuwa Anti. Wata takwas kafin wannan waya aka kawo mana ita. Ta zo ta yi shiru. A makaranta ba ta magana, a gida sai "to" da "a'a".

Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" nake ce mata. Ba na ɗora ta a cinya, ba na yaba ta a gaban mutane. A gida wannan ba ya cutar da yaro, don ga kaka, ga goggo, ga inna, kowa na rige-rigen shagwaɓa shi. A Greensboro kuwa babu kowa, sai ni da kunyata. Malam shi tun a filin jirgi ya ajiye tasa, ya kama hannun 'yarsa. Ni na kasa.

Yadda aka yi karen ya zo, farfesan Malam ne ya gayyace mu gidansa can Summerfield, inda suke da fili da dawakai. Ni ban je ba, kaina ke ciwo. Matar farfesan tana da 'yan kwikwiyo a cikin kwando, yarinya ta durƙusa gabansu tana yi musu hira da Hausa kamar ba ita ba. Matar ta gani ta riƙe a ranta. Da aka yaye su sai ta kawo ɗaya har ofis a cikin kwali, ta ce na yarinya ne. Malam ya ce mini, "Matar malamina ce. Da wane baki zan ce ba na so?"

Da suka shigo, yarinya ce rungume da kwalin. Aka sauke shi a baranda, na leƙa daga bakin ƙofa. Jan kwikwiyo ne, kunnuwa sun zubo kamar ganyen kabeji, idanu kamar an sa masa kwalli. Sai ya fito ya fara tafiya, na ga jiki yana ta fitowa daga kwali bai ƙare ba. Ƙafafu kuwa ba su fi ɗan yatsana ba, na gaban ma a karkace suke.

Na ce, "Malam, ina sauran ƙafafun?"

Ya ce, "Su ke nan. Matar ta ce haka irinsu suke."

Na ce, "Dama me za ta ce? Wa ya taɓa ba da lafiyayyen abu kyauta yana cewa ga aibinsa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce zai aro mini littafi a laburare in ga hotonsu, bai kuwa taɓa arowa ba. Yarinya ta raɗa wa kare wani sunan Turanci da harshena ya ƙi ɗauka. Malam ya dube shi ya ce, "Ai wannan Dogo ne, tsawon nasa ne aka shimfiɗa a kwance." Sunan ya bi shi, har ita mai shi ta koma kiransa Dogo.

A ranar Malam ya kafa dokoki. Baranda ce ɗakinsa, kusa da injin wanki. Ba ya shiga inda ake salla, ba ya sa baki a kwanon mutane, wanda ya taɓa yawunsa ya wanke hannu. Abincinsa kuwa na buhu ne, wasu 'yan busassun ƙwayoyi kamar tsakuwa, yarinya ke auna masa da kofi safe da yamma kamar yadda likitan dabbobi ya ce. Wata Hajiya 'yar Kano da muke zumunci da ita ta zo, ta jiyo haushin kare daga bayan gida, ta tattare zani ta ce, "Malam, kare a gidan almajirin ilimi? Na gadi ne ko na farauta?" Malam ya ce na gadi ne. Bai yi ƙarya ba, don muryar Dogo ta ƙaton kare ce, mai kawo wasiƙu ma sai da ya canza hanya. Da Hajiya ta leƙa ta ga mai gadin, ta zauna a kan matakala tana dariya har da hawaye.

Abin da ba zan musa ba shi ne, bakin yarinya ya buɗe. Tana dawowa daga makaranta za ta jefar da jaka ta nufi baranda, ina jin ta ta taga tana ba shi labarin wanda ya tsokane ta da wanda malama ta yi wa faɗa. Kafin wata uku malamarta ta aiko da takarda cewa yanzu surutu ya yi mata yawa. Malam ya manna takardar a jikin firji kamar shaidar digiri.

Ni kuwa ƙafafun nan sun hana ni sakat. Na ga yara masu bakan ƙafa a garinmu, na san yadda rashin abinci ke tauye yaro. A raina na gama yanke hukunci: an yaye shi da wuri, aka haɗa shi da tsakuwa, ta ina ƙafa za ta fito? Kuma abin da yarinyar nan ta fi so ke nan a duniya. Na ce ba zan zuba ido karenta ya tashi nakasasshe ba.

Saboda haka da hantsi, in Malam ya tafi jami'a, bas ta ɗauki yarinya, sai in sa safar robar da nake wanke-wanke da ita in fita baranda. In kankaro ƙanzon tuwo in jiƙa masa da romon kaza. In tara masa fatar kaza da kitsen nama. In na dama kunun gyaɗa, da rabonsa. Ranar Juma'a har ɗan man shanu nake ɗiga masa. Bai taɓa ce mini ya ƙoshi ba. Yana gamawa zai zauna a kan gindinsa, ya ɗaga 'yan hannuwan nan sama kamar mai roƙon Allah, sai in ƙara.

Ban tsaya nan ba. Na tuna yadda ungozoma ke yi wa jariri, sai na dafa ruwa, na sami tsumma, na riƙa gasa masa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, in shafa basilin, in ja a hankali ina miƙar da su. Shi kuwa gogan ya baje a kan tsohon tawul, ya lumshe ido, har da minshari. Na tsinko zare daidai tsawon ƙafarsa ta gaba na ɓoye a bayan injin wanki. Duk mako sai in gwada. Jiki yana ta ƙara tsawo, ƙafa kuwa ko ƙwayar gero ba ta ɗara zaren ba. Bayan kamar wata shida na haƙura da gashi, na ce aikin ya fi ƙarfina. Abinci dai ban fasa ba, don gani nake mai lalura ya fi kowa cancantar a tausaya masa.

Yanzu da nake waiwaye, na gane abin da nake yi. Duk wani tarairaya da kunya ta hana ni yi wa yarinya, a kan karenta na sauke. In ta dawo ta ce, "Anti, kin ga yadda gashin Dogo ke sheƙi?" sai in ce, "Ni ina ruwana da karenki," in juya ina jin daɗi kamar an ba ni kujerar Makka.

Kafin ya cika shekara biyu, Dogo ya zama kamar buhun da aka cika aka ɗinke. Cikinsa na sharar ƙasa in yana tafiya. Yarinya ta rage masa awo, ta sake ragewa, tana mamakin abin da ya sa ba ya ramewa. Ni kuwa ganin an rage, sai na ƙara nawa.

Barandar tana da matakala huɗu zuwa tsakar gida. Wata Asabar da safe ina shanya, wani kurege ya sauko daga bishiya yana kaɗa jela. Dogo bai bi matakala ba, daga sama ya yi tsalle. Na ji wata ƙara da ban taɓa jin ya yi ba. Da na juyo, yana ja da ƙafafun gaba, na baya suna biye da shi kamar tsumma. Yarinya ta fito da gudu ba takalmi. Malam ya ce kada kowa ya ɗaga shi, ya ciro katakon kantar littattafai, muka zura shi a kai. A ranar na fara shiga asibitin dabbobi, don duk allurar da aka yi masa a baya, su biyu ke zuwa.

Muna zaune a wurin jira, sai ga wata tsohuwar Baturiya ta shigo riƙe da igiya biyu. Na dubi ƙarshen igiyoyin. Karnuka biyu ne, ɗaya baƙi ɗaya ja, har da furfura a baki. Dogaye a kwance, ƙafafu kamar ɗan yatsa, na gaba a karkace. Sirara, suna tafe ƙwas-ƙwas, lafiyarsu ƙalau. Na daɗe ina kallonsu. Malam ya sunkuyo ya ce a hankali, "Su ma duk matar farfesa ce ta tauye su?"

Likitan dogo ne mai sanƙo, yana magana a nutse, Malam na juya mini da Hausa. Ya ce sunan irinsu dakshun, da gangan aka same su gajeru don su riƙa bin dabba cikin rami, kamar yadda yaranmu ke haƙo gafiya. Ya ce raunin irinsu a gadon baya yake, kuma abu biyu ne abokan gabarsu, ƙiba da tsalle. Ya ɗauki hoton ƙashi, ya matse masa yatsan ƙafar baya da ƙarfi, Dogo ya juyo ya yi gurnani. Likita ya ce madalla, tunda yana ji, akwai fata, amma bai yi alkawari ba. Sannan ya ɗora shi a sikeli. Ya dubi allurar sikelin, ya cire tabarau ya goge, ya sake duba.

Ya tambaya wa ke ba shi abinci. Yarinya ta ce ita ce, ta kwatanta kofin da hannu, tana kuka tana rantsuwa ba ta taɓa ƙara ko ƙwaya ba. Likita ya ce ya yarda da ita, amma abin da ke kan sikelin nan ba aikin kofi ɗaya ba ne, akwai mai ƙara masa a gidan. Wannan ban jira fassara ba, na gane. Yarinya ta juyo, ta dubi ubanta, ta dube ni.

Sai Malam ya ce da Turanci, "Ni ne." Ya ce shi ke zuba masa ragowar tuwo in ba kowa, bai san yana cutarwa ba.

Likita ya yi masa faɗa sosai, irin faɗan da ake yi wa yaro, shi kuwa yana ta gyaɗa kai. Yarinya ta zare hannunta daga nasa. A mota ta zauna baya tare da Dogo.

Washegari tana baranda, na same shi a kicin yana shan shayi. Na ce, "Malam, yaushe ka sani?"

Ya ce, "Haba Hajiyata. Shekara biyu ban ga ƙanzo a gidan nan ba, ni da kika san ƙanzo ne abincina. Ga kare yana ƙamshin basilin kamar amarya. Ai ko makaho ya gane."

"To me ya hana ka magana?"

Ya juya cokali. Ya ce, "Na ga kina jin daɗi. Ban san abin zai kai haka ba. Kin ga ashe ban yi wa likita ƙarya duka ba, da hannuna a ciki."

Na ce, "Bari in je in gaya mata."

Ya ce, "Zauna tukuna. Ni in ta yi fushi da ni, na san ta inda zan ɓullo mata. Ke fa? Ko sunanta ba kya iya kira. In ta rufe miki ƙofa yanzu, da me za ki ƙwanƙwasa? Bari kare ya tashi, ranar da kika ga ya dace, ki gaya mata da bakinki."

Likita ya ce mako shida a cikin keji, ba tafiya, ba tsalle, sai dai a ɗauke shi a kai shi ya yi bawali a dawo da shi. Malam ya lissafa da yatsu ya ce, "Kwana arba'in da biyu. Ashe jego za mu yi. To ungozoma, ga mai jegonki nan, sai dai wannan ba kunun kanwa." Ni ce ke gida da rana, saboda haka aikin a kaina ya faɗa, kuma ban taɓa karɓar aiki da hannu biyu kamar wannan ba.

Na koyi ɗaukarsa, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, baya a miƙe kamar an ɗauko tire cike da kofuna. Na yage tsohon ɗankwalina na yi masa majanyi, in zura ta ƙarƙashin cikinsa in ɗaga bayan, shi kuma ya taka da na gaba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ga mace da lulluɓi tana tuƙa kare kamar baro, ta ɗaga mini hannu, ni ma na ɗaga mata. Abinci kuwa kofin nan ne, ba ƙari. Ya zauna a keji yana bi na da ido in na wuce da tukunya, yana wani kuka ƙasa-ƙasa kamar maraya. In ce masa, "Kai dai yi haƙuri, ni da kai duk mun yi laifi."

A mako na uku likita ya ce a fara sa masa tsumma mai ɗumi, ana motsa ƙafafun baya a hankali, a lanƙwasa a miƙe. Malam na fassarawa yana danne dariya. Da muka dawo yarinya ta gwada, tana tsoron kada ta ji masa ciwo. Na tsuguna na ce, "Ke, kawo." Na matse tsumma, na gasa, na ja, na lanƙwasa. Dogo ya baje ya lumshe ido kamar wanda ya gamu da tsohon wanzaminsa. Sai da na gama na lura ban sa safa ba.

Yarinya ta ce, "Anti, a ina kika iya?"

Ga ƙofa a buɗe, da na shiga. Amma sai na ce, "Haka ake yi wa jarirai a gida. Haka aka yi miki."

"Ke kika yi mini?"

"Innarki ce. Ni ina gefe, na juya baya kamar ban damu ba, ina kallo ta wutsiyar ido."

Ta ce, "Me ya sa?"

Na ce, "Haka ake yi."

Ta ce, "To koya mini." Na kama hannunta na ɗora a kan ƙafar kare, nawa a kan nata. Rabon da in riƙe hannunta haka, tun tana goye. Daga ranar kullum bayan la'asar muna baranda mu biyu, ita ƙafar dama ni ta hagu, tana ba ni labarin makaranta, rabi Hausa rabi Turanci. Labaran da Dogo kaɗai ke ji a da, yanzu har da ni.

Uban kuwa ta ƙaurace masa. In ya yi sallama ta amsa a ciki, in ya zo kusa da keji ta tare da jikinta. Ta rubuta takarda da manyan baƙaƙe ta liƙa a ƙofar baranda, wai an hana Baba shiga da abinci. Shi kuwa in zai fita baranda sai ya tsaya a bakin ƙofa ya zazzage aljihunsa ya ɗaga hannu sama, ya ce, "Ranki ya daɗe, a bincike ni." Ba ta dariya. Ni na san abin yana cin sa, don mutum ne da bai iya cin abinci sai tana gefensa. Ya sayo katako ya kwana biyu yana ƙwanƙwasa, ya yi wa matakalar nan gangara mai shimfiɗar tsohon kafet, ya buge yatsa har farce ya yi baƙi. Ta duba ta ce ta yi tsayi da yawa. Ya kwance ya sake.

Ana saura kwana biyar arba'in, ina riƙe da ɗankwali a tsakar gida, sai na ji nauyin ya ragu a hannuna. Na sassauta kaɗan. Dogo ya tsaya da ƙafafunsa huɗu, bayan yana lilo kamar na ɗan maye. Ya yi taku ɗaya, biyu, uku, ya zauna daɓas. Jelarsa ta buga ƙasa. Yarinya ta ƙwalla ihu, ta ruga cikin gida tana "Baba! Baba!" ta manta ba ta yi da shi. Ya fito da alƙalami a kunne, ta ja shi har gaban kare. A nan fushin ya ƙare. Ta ce ta yafe masa, amma kada ya sake. Ya ce ya tuba.

Ya dube ni ta saman kanta, ya ɗaga gira. Na gane, wai ga ranar ta zo. Na dubi yarinya tana dariya, hannunta ɗaya riƙe da gefen zanina. Na ce a raina, ba yau ba, kada in ɓata wannan rana. Gobe.

Dogo ya rayu har yarinya ta shiga jami'a, siriri, yana tafiya a ɗan karkace, yana bin gangararsa kamar hakimi. Mu ma ba mu koma gida ba kamar yadda muka tsara, Malam ya sami aiki, muka sayi gida wajen Sedgefield, aka ƙara haihuwa. Labarin kuwa ya zama abin dariyar gidanmu. Duk Salla in an taru sai yarinya ta ce, "Ku bari in ba ku labarin yadda Baba ya kusa kashe mini kare da tuwo." Ta ba mijinta, ta ba 'ya'yanta, har jikoki na ce masa Kaka mai tuwon kare. Shi kuwa ya ƙara gishiri, ya ce har miyar kuka yake zuba masa. In mun keɓe sai ya ce, "Hajiyata, har yanzu goben ba ta yi ba?" In ce, "Ai kai ma kana jin daɗin labarin." Ya ce, "Ina ji mana. Amma bashin gaskiya ba ni ake bi ba." Daga baya ya daina tambaya.

Bara Allah ya karɓi abinsa, bayan gajeriyar jinya. Ranar sadakar uku mata sun cika falo, aka shiga faɗin alherinsa. Sai yarinya ta ɗauko labarin Dogo, tana dariya tana share hawaye. Ta ce, "Wallahi duk tsawon rayuwata, wannan ne kaɗai laifin da Baba ya taɓa yi mini." Kowa ya ce Allah ya jiƙansa. Ina zaune a kusurwa da carbi, na ce amin tare da su.

Abin da na koya, na daɗe ina juya shi kafin in rubuta. Ba duk abin da ya saɓa da wanda ka saba gani ne ke da ciwo ba, wani haka aka halicce shi, kuma ƙauna in ba ta tambaya tana iya karya abin da take so ta gyara. Na biyun ya fi mini nauyi. In wani ya rufa maka asiri, lokaci ya ba ka don ka shirya, ba cewa ya yi ka kwanta ba. Ni na kwanta shekara arba'in da wani abu, har mai rufin ya tafi da laifin da ba nasa ba.

Yarinyar tana kira na duk Lahadi bayan azahar, yanzu Mama take ce mini. Ba ta iya karanta Hausa ba, don haka wannan rubutu bai sauke mini komai ba, da baki zan faɗa. Har yau ban gaya mata ba.